Yadda ake rabuwa da tabar gari, da abin yi ranar da aka koma mata

Mai shan sigari ba ya iya ɓuya. Hayaƙi na tona shi, warin riga na tona shi. Mai tabar gari kuwa, ko mai afawa ne a leɓe ko mai shaƙa a hanci, yana iya shekara goma da batta a aljihu surukinsa bai sani ba. Direba na afawa yana tuƙi, tela na afawa ƙafarsa na kan keke, tsohuwa na shaƙa a ƙuryar ɗaki ta ce maganin mura ne. Wannan sauƙin ɓoyewa shi ne babban tarkonta. Wanda ya sanar da mutane ya daina, in ya koma ba mai ganewa sai ya faɗa da bakinsa, galibi kuwa ba ya faɗa. Daga afawa ɗaya a ɓoye sai a wayi gari an koma gidan jiya, ga kuma ƙarya ta hau kai.

Shi ya sa kusan rabin matakan nan shiri ne na ranar da ƙafa za ta zame. Da namiji nake magana don sauƙin rubutu, amma mata masu shaƙa da masu cin furen taba da goro, har da ku ake.

Ka san abin da ke cikin battar

Abin da ke kama mutum a taba shi ne nikotin. Kanwar da ake daka tabar gari da ita, ko toka a wasu wuraren, ita ke sa nikotin ya ratsa fatar baki da ta hanci da sauri ya shiga jini. Mai dakan da ake yabo da cewa tabarsa na da "ƙarfi", sau da yawa hannunsa ne ke da nauyi wajen kanwa. A irin tabar leɓe da ake sayarwa a Amurka an lissafa cewa riƙe ta a baki na minti 30 na iya kai nikotin ɗin kara uku zuwa huɗu na sigari. Cikin kamar awa biyu rabin nikotin ɗin da ke jini ya tafi, jiki ya fara neman ƙari. Wannan ne dalilin da hannu ke komawa aljihu ba tare da an yi shawara da kai ba.

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tabar da ba a kunnawa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, wato kansa: ta baki, ta hanyar abinci daga maƙogwaro zuwa ciki, da ta fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. An gano aƙalla sinadarai 28 masu jawo kansa a cikinta, mafi sharrinsu dangin naitirosamin. Hausawan Sudan sun san tumbak, wadda ake haɗawa da kanwa kamar tamu; ma'aunin naitirosamin da aka samu a cikinta yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a kayan taba. Ban da kansa akwai janyewar dasashi daga haƙori, da hawan bugun zuciya da na jini, ga mai ciki kuma haɗarin haihuwar bakwaini ko ɗa ba rai.

Binciken shan taba tsakanin manya da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 1.9 cikin ɗari na amfani da irin wannan taba, kimanin mutum miliyan 1.6. A duniya sun haura miliyan 300, akasarinsu a Indiya da maƙwabtanta. Masu cewa tana maganin ciwon haƙori, gaskiyar abin ita ce tana ɗan kashe zafin yayin da ramin ke ƙara zurfi.

Mataki na farko: mako guda na lura

Kada ka daina tukuna. Ka samu takarda ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, duk afawar da ka yi ka rubuta lokaci, da wuri, da wanda kake tare da shi, da abin da ya faru kafin nan. Bayan kwana bakwai za ka ga tabarka na da jadawali: bayan tuwon dare, da shayin safe, a majalisa bayan la'asar, in an yi cacar baki a gida, in barci na fizgarka a kan hanya.

Tambayoyi uku za su gaya maka zurfin kamun. Kana afawa cikin minti 30 da tashi daga barci? Kana haɗiye ruwanta da gangan? Kana kwana da ita a baki, ko kana farkawa cikin dare dominta? In ka amsa e ko da ga biyu ne, ka sa a ranka cewa kana cikin waɗanda magani zai yi wa amfani, kada ka dogara ga ƙarfin zuciya kaɗai.

A makon nan kuma ka lissafa kuɗin. In naira 200 take ci a rana, naira 73,000 ke nan a shekara.

Mataki na biyu: duba bakinka

Tsaya gaban madubi da tocila. Ja leɓen ƙasa da na sama, duba cikin kumatu, gefen harshe da ƙarƙashinsa, musamman inda ka saba ajiye tabar. Abin nema shi ne farin tabo mai kauri wanda ba ya gogewa, ko jan tabo, ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko ƙulli a wuya, ko wahalar haɗiya. Ko ɗaya ka gani, ka je wajen likitan haƙori a makon nan. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri duk suna da sashen haƙori. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: faɗa wa likita shekara nawa kana yi da sau nawa a rana. Farin tabon kan ɓace cikin makonni bayan an daina. Wanda ya ƙi ɓacewa shi ake ɗibar ɗan yanki a gwada.

Mataki na uku: sa rana

Ka zaɓi rana cikin mako biyu masu zuwa. In ta yi nisa zuciya na sanyi. Kada ta faɗa ranar doguwar tafiya ko bikin gida.

Watan azumi dama ce babba, domin mai azumi yana yin kimanin awa 13 kullum ba taba, jikinsa ya riga ya nuna zai iya. Inda ake ɓata abin shi ne bayan shan ruwa, lokacin da wasu ke kai hannu batta tun dabino bai gama sauka ba. In Ramadan ya kusa, ka ɗaura dainawar a kansa, ka tsara abin da zai cika tsakanin magariba da asham. In yana da nisa kada ka jira shi.

Wasu sun fi son ragewa a hankali kafin ranar. Ba laifi, da sharaɗin ragewar na da ranar ƙarewa a rubuce. "Ina ragewa" da ba ta da iyaka, akwai wanda ya shekara biyar yana faɗinta.

Mataki na huɗu: nemi mutum ɗaya da za ka riƙa yi wa bayani

A ganina wannan ya fi duk sauran matakan nauyi. A masu sigari an ga cewa cikin mutum 100 da suka gwada dainawa su kaɗai, ba magani ba mai taimako, uku zuwa biyar ne kawai ke kai wata shida zuwa shekara. Tabar da ba ta da hayaƙin da zai tona asiri ta fi buƙatar ido na biyu.

Wa za ka zaɓa? Wanda ba ya taba, wanda kake jin nauyinsa amma ba ka tsoronsa har ka yi masa ƙarya. Wannan ma'aunin yana da muhimmanci. Mahaifi ko malaminka na iya yi maka kwarjini da yawa, ranar da ka zame bakinka ya kasa buɗuwa. Abokin wasa kuma zai mai da abin raha. Yaya ko amini mai hankali ya fi dacewa, haka wanda ya taɓa yi ya daina. Matar aure na iya riƙe wannan amana, sai dai in tabar ta daɗe tana jawo faɗa a gidan, gara a samu wani daga waje, ita kuma a sanar da ita.

Ka je masa da magana a fili, misali: "Yaya, ranar Asabar zan bar taba. Alfarma nake nema. Kullum da safe zan turo maka saƙo cewa jiya ban taɓa ba, yau ma ba zan taɓa ba. Ranar da ba ka ga saƙona ba har azahar, ka kira ni. In kuma na zame, zan faɗa maka kafin in kwanta."

Alkawari biyu ke nan. Na farko na yini ɗaya ne, ana sabunta shi kowace safiya, domin "har abada" ta yi wa mai ƙawa nauyi, "yau" kuwa ana iya ɗauka. Na biyu, wato faɗin gaskiya a ranar da abin ya faru, shi ne wanda ba a karyawa ko na farkon ya karye.

Abin da zan hana ka shi ne rantsuwa. Mutane da yawa kan dafa Alƙur'ani su rantse ba za su ƙara ba, da kyakkyawar niyya. Ranar da suka zame sai nauyi ya zama biyu, ga taba ga karya rantsuwa, kunya ta sa su yi gum. Wanda ya riga ya rantse ya karya, aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta bayyana kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ya tambayi malami yadda zai sauke, ya ci gaba da ƙoƙarinsa. Addu'a kuwa a yawaita ta.

Mataki na biyar: daren jajibiri

Zubar da duk abin da ya rage, har wadda ke aljihun tsohuwar riga da ta cikin mota da ta ƙarƙashin katifa. Zuba mata ruwa ko ka jefa ta masai, kada ka ba wani, kada ka bar ta inda yaro zai kai hannu, domin kaɗan daga cikinta na iya sa ƙaramin yaro amai da suma. Battar ma ta tafi. In akwai bashin mai taba a kanka ka biya yau, don kada ka samu dalilin komawa rumfarsa. 'Yan majalisa kuma ka gaya musu kai tsaye: "Don Allah ko na roƙa kada wanda ya miƙo mini."

Tanadi abin da baki zai yi aiki da shi: aswaki, kanumfari, busasshiyar citta, aya, gyaɗa, cingam marar sukari, da gorar ruwa. Mai ciwon sukari ya kiyayi alawa da yawan dabino. Goro kuwa a yi hattara da shi. Ga wanda ya saba haɗa shi da taba, shi kansa mai kiran ƙawa ne, kuma yana hana barci a makon da barci ke da wuya dama. Mai shaƙa ya samu abin da hannu zai riƙe, carbi ya isa.

Mataki na shida: maganar magani

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan taimaka wa manya su daina taba. Ga masu tabar baki da ta hanci ta ba da shawarar nasiha mai zurfi daga ma'aikacin lafiya, tare da ɗayan magani biyu.

Na farko shi ne nikotin na magani, mai zuwa a cingam, ko alawar tsotsa, ko filastar da ake mannawa a fata. Yana ba jiki nikotin ba tare da sinadaran kansa ba, a riƙa rage shi cikin mako 8 zuwa 12. Cingam da alawar na zuwa da ƙarfin miligiram 2 da 4. Ba a tauna cingam ɗin kamar na yara: ka tauna kaɗan har ka ji yaji-yaji, ka ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi, in yajin ya tafi ka sake. Kada ka sha lemo ko kofi minti 15 kafin ka sa shi, tsami na hana shi shiga jini.

Na biyu shi ne ƙwayar barenikilin, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Champix. Likita ne ke rubuta ta, ana farawa mako guda kafin ranar dainawa, a yi mako 12. Takan sa tashin zuciya da mafarkai masu yawa. Shan ta bayan abinci da cikakken kofin ruwa na rage tashin zuciyar. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, kada ya fara ko ɗaya cikin magungunan nan sai ya ga likita.

Sigari da shisha ba hanyar fita ba ce. Haka garin shaƙa da ake tallatawa a 'yan kwalabe da sunan maganin gargajiya: ba ka san abin da ke ciki ba, kuma yana raya ɗabi'ar da kake son kashewa.

Mataki na bakwai: makonnin farko

Alamomin rashi na farawa cikin awoyi, su kai ƙololuwa a kwana na biyu da na uku, su yi sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. Saurin fushi, rashin barci, yunwa, ciwon kai, taurin bayan gida, kasa tara hankali wuri ɗaya. Ka faɗa wa iyali tun da wuri don kada a ɗauki fushin da wata manufa. Direba da mai aiki da inji su sani hankali kan rarrabu a kwanakin nan, in da hali a rage doguwar tafiya.

Ƙawa takan taso da ƙarfi ta kwanta cikin 'yan mintoci ko an ba ta ko ba a ba ta ba. In ta zo, duba agogo ka ce sai bayan minti goma, ka tashi daga inda kake, ka sha ruwa ko ka yi alwala, ka sa aswaki. Lokutan da ka gano a makon lura, kowanne ka canza masa tsari: bayan cin abinci ka miƙe nan take ka wanke baki, majalisar da ake zagaya batta ka ba ta hutun wata guda. Kuɗin taba kuma ka riƙa jefa shi a asusu ko ka shiga adashe da shi, ka ga yana taruwa.

In baƙin ciki ya yi tsanani ya ƙi wucewa, ko ka fara tunanin cutar da kanka, asibiti za ka nufa a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, kuma su ne suka fi sanin aikin raba mutum da abin da ya kama shi.

Mataki na takwas: ranar da ka zame

Yawancin komawa na faruwa ne a makonnin farko, amma tana iya zuwa bayan wata shida, a gidan makoki ko a tashar da mota ta lalace. Masanin halayyar ɗan Adam Alan Marlatt na Jami'ar Washington a Amurka ya yi shekaru yana nazarin wannan gaɓa. Abin da ya lura da shi shi ne, yadda mutum ya fassara zamewarsa ta farko yana da babban tasiri kan ko zai tsaya nan ko zai koma gaba ɗaya. Wanda ya ce a ransa "ni dama ba ni da zuciya, tunda na ɓata bari in ƙarasa" shi ke sayen sabuwar batta kafin dare. Wanda ya ce "ga abin da ya kayar da ni yau" yakan tashi.

Ga abin yi, bi da bi. Tofar, kurkure baki, zubar da ragowar a take, ko yanzu ka saye ta. Bar wurin. Sannan ka ɗauki waya kafin zuciya ta fara kawo shawarar a bari sai gobe: "Yaya, na zame. Bayan la'asar ne, a tasha, sau ɗaya. Na zubar da sauran." Ba sai ka yi dogon bayani ko ka zagi kanka ba. Lokaci, wuri, adadi.

Za ka ji wata murya na cewa ɗaya ce kawai, faɗinta zai tayar da hankalin mutane a banza. Kada ka saurare ta. Wadda aka ɓoye ita ke buɗe wa ta biyu ƙofa, domin ka riga ka koya wa kanka cewa ana iya yi a wuce lafiya. Kuma saƙon gobe da safe zai zama ƙarya, daga nan duk tsarin ya zama wasa.

Washegari ku zauna, ko ta waya, ku amsa tambaya uku. Me ya faru awa guda kafin nan? Daga ina tabar ta fito? Me za a canza don in irin wannan ta sake tasowa ta tarar da shiri? Amsar ta ukun ta zama aiki takamaimai. "Zan ƙara ƙoƙari" ba amsa ba ce. "Ba zan ƙara zama rumfar wane ba, a masallaci zan jira lodi" amsa ce. In kana kan magani kada ka dakatar da shi saboda zamewa ɗaya, ka sanar da likitanka.

Lissafin kwanaki fa? Ka riƙe lamba biyu. Kwanakin da ka jera ba ka afa ba, su koma sifili, gaskiya ke nan. Amma jimillar kwanakin da ka yi ba taba tun ranar da ka fara ba ta gogewa. Wanda ya yi kwana 40 ya zame sau ɗaya, bakinsa da jininsa sun huta kwana 40, kuma ya san abubuwan da bai sani ba a ranar farko.

Ga wanda aka ba amanar

In ɗan'uwanka ya kira ya ce ya zame, kalmarka ta farko ita za ta yanke ko zai sake kiran ka. Fara da "Madalla da ka faɗa mini." Kada ka ce masa sabo turken wawa, kada ka kai labarin majalisa, kada ka shiga lalube masa aljihu. Amma kada ka ce "ba komai", domin da komai. Tambaye shi ko ya zubar da ragowar, ka sa lokacin da za ku yi tambayoyin nan uku. Ranar da saƙo bai zo ba ka kira, ko kana ganin ka dame shi. Shirun nan sau da yawa shi ne alamar farko. Uwargida da aka ba wannan aiki, "Malam, yau ya jikin?" ta fi "Ka dai koma ko?" buɗe baki.

In komawar ta zama gaba ɗaya

Wani lokaci zamewa kan zama mako, mako ya zama wata. Ka faɗa wa mutuminka haka, ka ci gaba da turo saƙon safe ko da abin da ke ciki shi ne "jiya sau shida". Sa sabuwar rana cikin mako biyu. Sannan ka canza wani abu a tsarin: in da ba magani ka gwada, yanzu ka ga likita, in cingam ka yi amfani da shi bai riƙe ka ba, ka tambaya game da haɗa shi da filasta ko komawa ƙwaya, in mai riƙe maka amana ya yi sanyi ko ya cika faɗa, ka nemi wani. Ka sake tsayawa gaban madubi da tocila kafin sabuwar ranar, kuma ko ba ka ga komai ba, wanda ya shekara da shekaru yana afawa ya riƙa kai bakinsa wajen likitan haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara.